Kakanmu tsohon soja ne: yaƙin Hitila ya je ko wani yaƙin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar kakarmu a unguwar Bagalam, mun buɗe adakarta muka tarar da wani ɗan littafi da Faransanci wanda gara ta ci gefensa, da lambar yabo mai ƙyalle shuɗi da ratsin fari, da hoton mijinta sanye da jar dara. Shi ya rasu tun ban yi wayo ba. Babanmu yana cewa yaƙin Hitila ya je, gwaggonmu kuma ta ce labarin da ta ji daga bakinsa na gonakin shinkafa ne da ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Wa ke da gaskiya? Kuma wai akwai kuɗinsa a Faransa da za mu iya karɓa?
Wata jika daga Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan tsofaffin nan biyu, ya sa sun huta.

Tun yau ki ɗauki hoton kowane shafi na littafin nan da waya, har wanda gara ta ci. Kada a kai shi wurin masu rufe takardu da leda, zafin injin yana lalata tsohuwar takarda. Ki naɗe shi cikin farar takarda ki ajiye inda danshi ba ya kaiwa.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da maganar gwaggo. Ƙyalle shuɗi mai ratsin fari ya yi kama da na lambar da Faransa ke ba sojan da ya yi aiki a ƙasashen da take mulka, wadda ake kira Médaille coloniale. Ki duba ƙyallen da kyau, galibi akwai ɗan siririn ƙarfe maƙale a jikinsa da sunan wuri. In an rubuta Extrême-Orient, to Indoshin ya je, wato ƙasar Biyetnam da maƙwabtanta, inda Faransa ta yi yaƙi daga 1946 zuwa 1954 har aka ci ta a Dien Bien Phu. Can ne ƙasar shinkafa da damina mai tsawo. In kuwa Madagascar aka rubuta, to boren 1947 aka kai su murƙushewa, kuma can ma shinkafa ake nomawa. Da a ce tauraro ne mai tsini shida da takardar Turancin Ingilishi, sai in ce yana cikin waɗanda suka tsallaka Katsina ko Kano suka shiga sojan Ingila aka kai su ƙasar Bama (Burma) a Asiya. Littafinku na Faransanci ya kawar da wannan.

Amma kada ki ce wa babanku ya yi kuskure. A bakin mutanenmu duk wanda ya sa kaki zamanin Nasara ya hau jirgin ruwa, yaƙin Hitila ya je. Akwai kuma waɗanda suka yi duka biyun: aka ɗauke su a 1939 ko 1943, yaƙi ya ƙare a 1945, suka sake sa hannu suka zarce gabas.

Ga wata hanya da mu 'yan Maradi muke da ita ta gane shekara. A daminar 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tayar da mutane aka maido su bisa tudu. Yaƙi da Jamus kuwa ya ƙare tun watan Mayu na wannan shekarar. Ki tambayi gwaggo: da aka ɗauke shi soja, gidan yana tsohon gari ne ko an riga an hau tudu? In daga sabon gari ya tafi, bai ga yaƙin Hitila ba. Tsofaffi ba sa riƙe lambar shekara, amma ba sa manta gidan da aka yi kuka ranar da ɗa ya tafi.

A cikin littafin, abu uku za ki nema: lambarsa ta soja, wadda aka rubuta matricule, da classe, wato shekarar rukunin da aka ɗauke shi a ciki, da sunan yankin da aka ɗauke shi. Lambar ta fi sunan muhimmanci. Magatakardan kumandan yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, Mamman ya koma Mamane ko Mahamane, wani a ba shi sunan ƙauyensu a matsayin sunan uba. Shekarar haihuwa ma kintace ce, shi ya sa za ki ga né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza. Kada kuma ki ruɗe in kin ga an kira shi tirailleur sénégalais. Tun 1857 aka kafa rundunar a Senegal, sunan ya bi duk wani baƙar fata na Afirka ta Yamma da ya shiga cikinta, Bahaushe ne ko Bazabarme. Janar Seyni Kountché, tsohon shugaban ƙasar Nijar, shi kansa ya yi sojan Faransa a Indoshin da Aljeriya kafin ya dawo gida.

Da lambar a hannu, ki rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa, wadda ake kira CAPM, ki nemi takardar da ke jera aikinsa: ranar shiga, ranar hawa jirgi, inda aka sauke shi, rauni in ya ji, ranar sallama. Ki haɗa da shaidar rasuwarsa da abin da ke nuna ke jikarsa ce. In an taɓa kama shi fursuna a 1940, takardun irin waɗannan suna garin Caen a Faransa. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun Janairun 2024, saboda haka kai tsaye za ki aika, kuma ki yi haƙuri, amsa tana jinkiri. Ofishin tsofaffin sojoji a Yamai shi ma ya cancanci a leƙa.

Zancen kuɗi, ba zan ɓoye miki ba, jika ba ta gadon fanshon soja. Cikakken fansho sai wanda ya yi shekara 15 cikin kaki, kuma bayan ransa matarsa ce ke da rabo, sai marayu 'yan ƙasa da shekara 21. Ɗan kuɗin da ake ba mai katin tsohon mayaƙi kuwa yana ƙarewa ne da rasuwarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, a ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin Afirka a inda yake, na Turawan da suka kwana rami ɗaya da su yana ta hawa. Sai da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu, kuma ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai 2011. A lokacin yawancin kakanninmu suna ƙasa. Duk wanda ya zo ya ce ku ba shi wani abu zai fito muku da miliyoyin kaka, ku riƙe littafinku ku sallame shi.

Takardar Pau za ta ba ki ranaku da sunayen garuruwa, ba za ta ce komai game da kakarku ba, alhali ita ta adana kayan nan shekara da shekaru a ƙasan zannuwanta. Wannan sai wurin gwaggo. Ki je mata da goro bayan la'asar, ki kunna rikodar waya, ki miƙa mata hoton ta riƙe. Ki tambaye ta ko an yi auren kafin ya tafi, wa ya noma gonar gero a shekarun da ba ya nan, ko an taɓa kawo labarin ya mutu, me ya sayo da kuɗin sallama, ko gardi ya zama kamar yadda tsofaffin sojoji da dama suka yi, da kuma ko yana firgita cikin barci. In ta yi shiru a wannan ta ƙarshe, kada ki matsa mata, ki dawo wata rana. In kin karanta abin da ke jikin ɗan ƙarfen nan, ki aiko mini da shi tare da lambar, mu duba tare.