Me ya sa dattawan Birtaniya ke begen hutun karaban a bakin teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Ingila, kuma na lura cewa duk lokacin da hira ta yi daɗi, dattawan da muke aiki tare sukan koma kan hutun da suka yi suna yara a cikin karaban a bakin teku, alhali abin da suke bayyanawa bai wuce matsi da ruwan sama ba. Mene ne ya sa suke begensa haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Karaban ɗaki ne mai ƙafafu wanda mota ke ja, ko kuma a girke shi wuri ɗaya ana ba da haya. Da farko abin sha'awar masu hali ne, kuma tun 1907 aka kafa ƙungiyar masu karaban mai suna Caravan Club. Talaka bai samu shiga sosai ba sai bayan dokar 1938 da ta buɗe hanyar ba ma'aikata hutu tare da albashi, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara ƙera masu araha irin su Sprite. Daga nan filayen karaban suka yawaita a garuruwan gaɓar teku kamar Skegness da Great Yarmouth da Rhyl, har ta kai a 1960 gwamnati ta yi dokar ba su lasisi.

Matsin da kika ji suna ambata gaskiya ne. A yawancin filayen wancan zamani fitilar gas ake kunnawa, a bokiti ake ɗebo ruwa daga famfo, banɗaki kuwa na kowa da kowa ne a can gefe. Teburin da aka ci abinci a kansa shi ake naɗewa da dare ya zama gado. Idan gari ya yi kyau, yara su wuni suna gina gidajen yashi, suna kamun ƙaguwa a kududdufan duwatsu, a hau jaki, a ci soyayyen kifi da dankali. Idan kuwa sama ta ɓalle, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar, sai a taru a ciki ana karta ana jin ruwa na dukan rufi.

A ganina, begen iyayensu suke yi fiye da na tekun. Uban da ke wuni a masana'anta, wanda hutunsa na shekara sau da yawa bai wuce mako ɗaya ko biyu ba, a nan ne kawai yaro ke samunsa tun safe har dare, kuma ƙanƙantar ɗakin ba ta barin kowa ya keɓe. Wahalar girki da wanke-wanke kuwa, wadda galibi uwa ce ke ɗauka, yaro bai san da ita ba, shi ya sa ba ta cika fitowa a labarin.

Daga shekarun 1970 tafiya Sifaniya a jirgin sama ta yi sauƙi, ta janye iyalai da yawa. Filayen suna nan har yau, sai dai yanzu akwai lantarki da banɗaki a cikin ɗakunan.