Keken batir: in sauya pinyo ko in bar shi?

Tambaya: Salamu alaikum. Daga Harobanda a Yamai nake tuƙa keken batir kullum, in ƙetare gadar Kennedy zuwa wurin aiki a Plateau. Pinyona na baya, wato jerin faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, mai bitesi 8 ne, haƙora 11 zuwa 32. A kan kwalta, ɗaya ya yi mini nauyi, na kusa da shi kuma sai ƙafa ta yi ta juyawa a banza. In sayi mai haƙora kusa da juna?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ƙafarka ce da laifi ba. Irin pinyonka yawanci haka yake jere: 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28, 32. Dubi tsakanin 15 da 18, tsallen kashi 20 cikin 100 ne, kuma a daidai nan mai keken batir yake yini, tunda injin yana riƙe shi a gudu kusan ɗaya. Akwai mai 13 zuwa 26, wanda ke tafiya 13, 14, 15, 17, 19. Kana taɓa bitesi, ƙafa ta zauna daram, wajen zagaye 70 zuwa 90 a minti.

Amma ni ba zan ce ka saye shi ba, saboda hawan nan daga bakin kogi zuwa Plateau. Ka yi tunanin daren da aka ɗauke wuta, batir bai cika ba, ya mutu maka a tsakiyar gada da rana tsaka. Keken batir ya kan haura kilo 20. A ranar, da haƙora 26 kaɗai, tura shi za ka yi, gumi na ɗiga daga haɓa. Ga kuma rairayin cikin unguwa. Nemi mai 11 zuwa 28: tsakiyarsa 15, 17, 19, 21 ne, ya toshe ramin da ke damunka, ya bar maka abin hawa tudu.

Kafin ka biya, kai keken wurin mai gyara ya duba ko pinyon na murɗawa ne ko na zurawa, don ba sa shiga wurin juna. Lalle ya zama mai bitesi 8. Ka sauya sarƙa tare da shi, tsohuwa tsalle take yi a kan sabbin haƙora. In kuma injinka a wurin feda yake, ba cikin taya ba, ƙarfinsa ta sarƙa yake bi, don haka kar ka tashi daga tsaye a kan mai haƙora 11, nan da nan zai cinye shi, balle in ƙurar hunturu ta haɗu da mai.