Teburin aiki a garejin gida: girmansa, katakonsa da yadda ake haɗa shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina da gareji mai faɗin mita 3.5 da tsawon mita 6.5 inda nake ajiye ƙaramar motata. Nakan gyara janareta da babur ɗina da kaina, wani lokaci kuma nakan taɓa ɗan aikin katako, amma duk a tsugune nake yi, har bayana ya fara ciwo. Na taɓa sa an yi mini tebur, bai shekara ba ya fara rawa. Yanzu ina so in haɗa wani da hannuna. Wane girma ya dace, kuma katako ya fi ko ƙarfe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da teburin da ya yi maka rawa, domin a cikinsa amsar take. Ban gan shi ba, amma kusan na tabbata da ƙusa zalla aka haɗa shi, kuma katakon bai gama bushewa ba lokacin da aka yi aikin. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu, har da ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa, daga dazuzzukan kudu yake zuwa da sauran ruwa a jikinsa. Idan hunturu ya kama, sai ya tsuke ta faɗinsa, ramin kowace ƙusa ya saki, kuma duk bugun guduma da ka yi a kan teburin yana ƙara sassauta mahaɗar. Teburin cin abinci zai iya jure wannan, tunda kwano kawai yake ɗauka. Teburin aiki kuwa turawa da ja da duka yake sha kullum, saboda haka abin da ake nema a gare shi shi ne nauyi da tsayuwa daram. Kyan gani da yawan aljihuna suna iya jira.

Wurin da ya dace shi ne bangon ƙuryar garejin, wanda ke fuskantar ƙofa. Ƙaramar mota irin Corolla tana kai kimanin mita 4.6 a tsawo da mita 1.8 a faɗi. Idan ka jingina tebur mai faɗin santimita 61 a bangon ƙurya, abin da zai rage ya haura mita 1, wanda ya isa mutum ya tsaya ya yi aiki ko da motar tana ciki. Idan kuwa ka ajiye shi a gefe, ɗan filin da ya saura sai ya rabu tsakanin ɓangarori biyu na motar, kuma ba za a daɗe ba ƙofarta za ta fara gaisawa da kusurwar teburin. Kafin ka sayi komai, shigar da motar, ka zana girman teburin da alli a daɓe, ka zagaya ka ga yadda wurin ya karɓe ka.

Na ambaci santimita 61 ne saboda dalili biyu. Hannun mutum ba ya kai wa fiye da haka sosai ba tare da ya sunkuya ba, don haka duk abin da ya ƙaru a bayan wannan awo matattarar tarkace kawai yake zama. Sannan fallen filawud yana zuwa ne da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, kuma idan aka tsaga shi gida biyu a tsaye ana samun rabi biyu masu wannan faɗin ba tare da asara ba. Ka sayi mai kaurin milimita 18, ka yanke kowane rabi a tsawon santimita 180, ka shafa gam tsakaninsu, ka ɗaure su da sukuru ta ƙasa, sai ka sami saman tebur mai kaurin milimita 36 wanda ba ya lanƙwasa. Guntaye biyun da suka rage kada ka yar da su, akwai aikinsu.

Tsayin teburin daga ƙasa shi ne abin da ya shafi bayanka, kuma a nan ba na son a kwaikwayi awon wani. Ka tsaya da takalmin da kake aiki da shi, ka saki hannuwanka, a auna daga daɓe zuwa wuyan hannunka. Ga yawancin maza wannan yana faɗuwa tsakanin santimita 85 da 90, kuma shi ne tsayin da ya dace da aikin da ake danna ƙarfin jiki a kai, kamar goge katako. Aikin injin kuwa, inda ido ke bin ƙananan sassa, ya fi son a ƙara santimita 5 ko makamancin haka. Akwai kuma ƙa'idar makanikai game da bais, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake matse abu da shi: samansa ya zo daidai da gwiwar hannu, domin magagari da zarton ƙarfe su tafi a miƙe. Tunda gyaran janareta da babur ya fi yawa a aikinka, ina ganin santimita 90 zai yi maka, in dai kai matsakaici ne a tsayi. Gara ka bar ƙafafun da ɗan tsayi, domin ragewa aikin minti goma ne, ƙarawa kuwa sai da dabara. Ka tuna ka cire kaurin saman daga lissafi, ƙafafun su zama santimita 86.4.

Game da katako ko ƙarfe, dukansu suna yi. Firam ɗin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na milimita 50, ba ruwansa da gara ko hunturu, sai dai dole ka nemi mai walda, kuma ka ce da hannunka kake son yi. Katako kuma yana shanye bugu, ba ya ƙara kamar ƙarfe, kuma zarto da abin huda sun ishe ka. Idan aljihu ya yarda, ka nemi loko, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da iroko, ko maɗaci, domin suna da nauyi, loko kuma ba ya ba gara fuska da sauƙi. Ƙurarsa dai tana sa ƙaiƙayi da tari, sai a rufe hanci lokacin yanka shi. Malaina ma za ta yi idan ta bushe da kyau. Obece ne ban yarda da shi a ƙafar tebur ba, saboda taushinsa ya yi yawa, sukuru ba ya kama shi sosai, ƙwari kuma suna son sa. Kowanne ka saya, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin falankan don iska ta ratsa. Ka ware guda ɗaya kana ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya isa aiki.

Haɗa ƙafafun shi ne zuciyar aikin. Kowace ƙafa ka yi ta da katakon inci 2 da 4 guda biyu, a manne da gam da sukuru, amma ɗayan ya gaza ɗan'uwansa da daidai faɗin katakon da zai kwanta a sama. Wannan yana samar da 'yar kafaɗa inda katakon kwance zai zauna, nauyi ya sauka katako a kan katako maimakon ya rataya a jikin ƙarfen da ya haɗa su. Kowace mahaɗa ka huda ta, ka zura ƙusa mai noti ta milimita 10 guda biyu, da wosha a kowane gefe don kada ta nutse cikin itacen. Amfanin noti shi ne, idan hunturu ya wuce katakon ya ƙara tsukewa, sai ka ɗauko sifana ka ƙara ɗaurewa, teburin ya koma kamar sabo. Ka sa wani zagayen katako a ƙasa, kimanin santimita 20 daga daɓe, ka shimfiɗa masa falanki ya zama kanta. Batir da akwatin kayan aiki da duk wani abu mai nauyi nan ne mazauninsu, kuma nauyinsu yana ƙara danne teburin. A ƙarƙashin saman kuma ka gicciya katako a kowane santimita 45.

Kafin ka ɗaure notunan gaba ɗaya, auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake, sai ka tura shi har su daidaita. Daga nan ka ɗauko guntayen filawud ɗin nan, ka rage su, ka ɗaure su a gefen dama da na hagu, su ne za su hana teburin rawa gaba da baya. Rawar dama da hagu kuma sai ka hana ta da katako ɗaya a gicciye ta baya, ko ka ɗaure firam ɗin da bango a wuri biyu, wanda shi na fi so idan ba ka da niyyar matsar da shi. Daɓen gareji yakan ɗan gangara zuwa ƙofa saboda ruwa, don haka ka duba da ma'aunin lebur, ka cusa guntun roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Robar ma tana raba katakon da damshin ƙasa lokacin damina, musamman idan ka riga ka shafa wa ƙasan ƙafafun maganin gara.

Ka bar saman ya zarce firam ɗin da santimita 5 ta gaba da gefe, domin ka sami inda za ka maƙala abin matsewa. Bais kuwa ka ɗaure shi kai tsaye a kan ɗaya daga cikin ƙafafun gaba, da ƙusoshi masu noti da suka ratsa saman gaba ɗaya, kuma bakinsa na baya ya ɗan leƙo waje da gefen teburin, yadda dogon ƙarfe zai sauka ƙasa ba tare da ya tokare ba. A ɓangaren da za ka riƙa kwance injin, shimfiɗa fallen ƙarfe marar kauri, don baƙin mai kada ya shiga filawud ya ɓata katakon da za ka ɗora gobe. Kada ka yi wa saman fenti mai sheƙi, santsi yake jawowa.

Soket ɗin lantarki ya kasance a bango sama da teburin, fitila kuma ta zo daga sama ta ɗan gabanka, kada inuwarka ta faɗo kan aikin. Jarkar fetur ba ta da wuri a kantar ƙasan teburin, musamman idan za ka yi amfani da injin wasa ƙarfe mai tartsatsi. Janaretan da ka gama gyarawa kuma ka fitar da shi fili kafin ka tayar, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke iya kashe mutum a rufaffen wuri, buɗe ƙofar garejin ma ba ya wadatarwa.