Hukuncin Ba Mai Kumburin Fankiriyas Maganin Gargajiyar Sin

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ɗan kasuwa ne a Guangzhou. Ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, aka kwantar da shi asibiti, likitoci suka ce fankiriyas ɗinsa ne ya kumbura, hanjinsa kuma ya tsaya. Bayan ƙarin ruwa da allurai, suna so su riƙa ɗura masa dafaffen sassaƙe irin nasu ta robar hanci. Kawunmu ya ce maganin waɗanda ba Musulmi ba ne, an gina shi kan camfi, kada mu yarda. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ɗan'uwanka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ku yarda a ba shi. Halal ne, da sharuɗɗan da zan ambata.

Sai an san abu ake yi masa hukunci. Fankiriyas gaɓa ce a bayan tumbi, ita ke fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Idan ta kumbura farat ɗaya, galibi saboda tsakuwar matsarmama ko giya ko yawan maiƙo a jini, wannan ruwan sai ya juya yana cin ta. In abin ya yi tsanani, hanji ya daina motsi, bangonsa ya yi rauni, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su tsallaka zuwa jini da sassan fankiriyas da suka mutu. Nan hatsarin rasa rai yake. Shi ya sa likitoci suke damuwa da hanji ya motsa da wuri.

Wani sanannen haɗi a Sin don motsa hanji shi ne Dachengqi, wanda aka rubuta tun wajajen shekara ta 200 miladiyya, a littafin likitansu Zhang Zhongjing. Abu huɗu ne: saiwar wani tsiro da ake kira rubab, da wani gishiri mai sa zawo, da ɓawon itacen magnoliya, da ɗanyen lemo mai ɗaci. Tsirrai uku da ma'adini ɗaya. Ina haram a nan? Saiwar rubab ma tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin filasko, wanda aka ruwaito Annabi (SAW) ya yaba wa Asma'u bint Umais amfani da shi wajen wankin ciki.

Asali a magani halacci ne. A hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka fitar, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Bai ce sai daga hannun Musulmi ba. A ranar hijira ma, wanda Annabi (SAW) ya ɗauka ya nuna musu hanya yana kan addinin Kuraishawa, amma ya san hanya kuma amintacce ne. Ba zan kafa hujja da "ku nemi ilimi ko da a Sin ne" ba, don malaman hadisi ba su inganta shi ba, kuma ba mu da buƙatarsa.

Damuwar kawunku tana da gurbi. Masu wannan magani suna bayanin cuta da kalmomin falsafarsu, irin su "yin" da "yang". Ba a nemi yayanka ya yi imani da wannan ba, kuma ba a kiran wani abin bauta a kan kofin. Saiwa ce ke aiki da izinin Allah, ko wane bayani mai dafa ta ya yi mata. Da a ce akwai tsafi ko roƙon wanin Allah a ciki, da hukuncin ya canja.

Sharaɗi na farko, ku nemi a rubuta muku abin da ke cikin haɗin, domin likita yakan ƙara ko ya rage. Wasu magungunan Sin ana jiƙa su da giya, wasu ana sa matsarmamar alade. Muslim ya ruwaito cewa da Ɗariƙ bin Suwaid ya tambaya game da giya don magani, Annabi (SAW) ya ce ba magani ba ce, cuta ce. Idan akwai irin wannan, ku roƙi a musanya. A wannan cuta ma giya guba ce.

Na biyu, ya zama ƙari ne a kan aikin asibiti, a hannun likitan da ke duba shi. Kada wani ya ce a cire shi daga gado a koma gida da ƙullin sassaƙe, ko ya sayo haɗin a kasuwa ya auna da ka. Wannan haramun ne, don jefa rai ne cikin halaka, kuma hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya yi likitanci ba a san shi da ilimin likita ba, lamuni yana kansa. Kasancewar abu ganye ba ya hana shi cutarwa: a farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu saboda wani tsiro na Sin da ya shiga maganin rage ƙiba. Mai sa zawo kuma, in aka ba wanda ruwan jikinsa ya riga ya ƙare ba tare da awo ba, yana iya taɓa ƙodarsa.

Idan yayanka yana cikin hayyacinsa, a sanar da shi, yardarsa ake nema kafin ta kawu.

Wallahu a'alam.