Fuskata ta karkace bayan cire mini haƙora

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29. Shekara uku ke nan da aka cire mini turame biyu na ƙasa a ɓangaren hagu saboda kogo, kuma tun daga lokacin da dama kaɗai nake tauna. Kwanan baya na duba wani hotona, sai na ga kuncina na hagu ya ɗan faɗa, na dama kuwa ya fi cika, har yayata ta tambaye ni ko kumburi ne. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Shin haƙoran ne suka jawo, kuma akwai gyara?

Ƙanwarki mai damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙwarai kuwa, haƙora suna iya jawo hakan. Ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori yana zama da ƙarfinsa ne muddin ana tauna a kansa, shi ya sa da zarar an cire haƙori sai ƙashin wurin ya fara raguwa, musamman a watanni 6 na farko, haƙoran da ke gefen giɓin su jingino, na sama kuma ya riƙa saukowa saboda ba shi da abokin karo. Shi kuwa naman tauna na dama, da kika bar masa aikin shi kaɗai, kauri yake yi. Ki ɗora yatsu a kusurwar muƙamuƙinki ki cije, mai yiwuwa ki ji ɓangaren dama ya fi tauri.

Shawarata ita ce kada ki ƙara jinkiri, ki ga likitan haƙori ya ɗauki hoton muƙamuƙin, ya duba yadda haƙoranki ke haɗuwa. Yana iya cike giɓin da haƙoran roba, ko gada (haƙoran da ake maƙalawa a jikin na gefen giɓin), ko dashe (haƙoran da ake kafawa a cikin ƙashin muƙamuƙi), idan kuma kika koma tauna da ɓangarori biyu naman yakan daidaita sannu a hankali. Ki sani kuma babu fuskar da ɓangarorinta suka yi daidai cif, don haka ƙila abin da ke damunki bai kai yadda kike ganinsa ba.

Amma idan kumburi ya taso da zafi da zazzaɓi, ƙurji ne, ki nemi likita a ranar. In kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko ido ya ƙi rufuwa, ko hannu ya yi nauyi, wannan ba aikin haƙori ba ne, a garzaya asibiti nan take.