Hular kwanon hawan doki: yadda ake gane wadda ta zauna wa kai

Wata uwa daga Kaduna ta rubuto: "Ɗana mai shekara 11 ya fara koyon hawa a wajen masu ƙwallon dawaki. Ina so in saya masa hular kwano mai ɗan girma don ta kai shi shekaru. Hakan ya yi?"

Hajiya, a takalmi da riga ana wannan dabarar, amma ban da hular kwano. Hular da ta yi wa kai yawa takan zame tun yaro yana sama, kafin ya kai ƙasa, sai goshi ko ƙeya su sha dukan a buɗe. Ki samo tef ɗin tela, ki zagaya kansa da shi: kamar santimita 2 a saman gira, ya bi ta saman kunnuwa, ya ratsa ƙullutun ƙeya. Ki auna sau biyu. Idan ya ba ki santimita 54, to lamba 54 za ki fara nema.

Awon mafari ne kawai, dole ki tafi da yaron shago. Wani kan zagayayye ne, wani mai tsawo ne daga goshi zuwa ƙeya, kuma kowane kamfani da irin ƙirarsa. Ya sa hular a miƙe, kada ya tura ta baya irin yadda ake sa hular gayu. Tsakanin gira da bakinta kada ya wuce yatsa ɗaya zuwa biyu. Kafin a ɗaure madauri, ki kama ta ki motsa gaba da baya: in fatar goshi da girarsa suna motsi tare da ita, ta kama, in ita kaɗai ke yawo, ta yi yawa. Ki bar ta a kansa minti 10. Jan tabo a tsakiyar goshi tare da sarari a gefe yana nufin ƙirar ce ba ta dace ba, ƙara lamba ba zai gyara ba, sai a canza samfuri.

Sai madauri. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne daidai, na haɓa kuma ya matse har yatsa ɗaya ne kawai zai shiga. Ki ce ya yi hamma. Ya kamata ya ji hular ta ɗan ja shi ƙasa. Akwai huluna masu ɗan maɓallin murzawa a ƙeya, suna ba da sararin santimita kaɗan, su ne suka fi dacewa da yaro mai tasowa. In 'ya mace ce, a gwada da irin kitson da za ta riƙa hawa da shi, domin tulin gashi yana canza awo.

Wani matashi daga Katsina ya ce: "Ina kilisa da yamma. Hular babur ɗina ba za ta wadatar ba?"

Ɗan'uwa, ta fi kai tsirara, amma ba don wannan aikin aka ƙera ta ba. Tana da nauyi, tana iya rage ji da ganin gefe, alhali mahayi yana buƙatar jin abin da ke tafe a bayansa. Ta doki ana jarraba ta a kan ƙarfe mai kaifin baki, saboda kofato da dutse. Ka leƙa cikinta ka nemi tambarin gwajin inganci, wato ASTM F1163 tare da SEI na Amurka, ko PAS 015 na Birtaniya, ko EN 1384 na Turai. Wadda ba ta da ko ɗaya, ado ce, komai kyan karammiskinta.

Wani kuma ya tambaya game da ta gwanjo mai araha da ya gani babu ko ƙwarzane.

Malam, bar ta. Abin da ke tare duka wani farin soso ne mai tauri a ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye ƙarfin faɗuwa, kuma sau ɗaya yake yin haka. Bayanta na iya ƙyalli alhali cikin ya riga ya mutu, kai kuwa ba ka san tarihinta ba. Shi ya sa ko taka ce, da zarar ka faɗi kanka ya bugu, sai sabuwa. Ko ba faɗuwa, yawancin masu ƙerawa suna cewa a canza bayan kamar shekara 5. Kada a bar ta cikin mota a rana lokacin bazara, zafi yana lalata soson da gam ɗin. In ta jiƙe da gumi, a shanya ta a inuwa.