Amsa ga mai injin niƙa roba da ke yawan tsayawa

Malam, ka ce injinka na niƙa gorar ruwa a unguwar Sharaɗa ta Kano ba ya cika mako bai tsaya ba, har kana tunanin sayar da shi ka sayo sabo. Don Allah dakata tukuna. A shekarun da na yi cikin wannan sana'a, yawancin tsayawar inji daga abin da ake ɗura masa take farowa.

Kayan da 'yan bola ke kawowa ba sa rasa yashi, ƙusa da guntun waya, wani lokaci har dutse a ƙasan buhu don sikeli ya yi nauyi. Yashi yana cin kaifin wuƙa a hankali, ƙusa ɗaya kuwa ta isa ta ɓantare ta. Wuƙa in ta dakushe ba ta yanka, sai ta riƙa dukan robar: moto ya ɗau zafi, bel ya saki, rariya ta toshe. Ka sa mutum biyu a kan teburin tsince kaya, ka ɗaura maganaɗisu kafin bakin inji. Kuɗin aikin mutum biyun bai kai asarar wuni guda ba.

A teburin nan za su ware launi, su kuma duba lambar da ke gindin roba. Gorar ruwa irin robar da ake kira PET ce, lamba 1. Wata irin roba kuma, PVC, lamba 3, ko kaɗan ta shiga ciki ta ɓata maka lodi, mai saye ya karya farashi. Murafe ba su da wahala: a kwamin wanki suna tasowa, PET ta nutse.

Ka ajiye wuƙaƙe saiti biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na wajen mai wasawa. Na sha ganin ma'aikata zaune kwana biyu suna jiran wuƙa, abin yana min ciwo, domin ranar ba su da abin kai wa gida.

Sai wuta. Moto mai layi uku, in layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki, ƙonewa yake yi. Sa mai gyaran wuta ya haɗa maka na'urar da ke kashe shi da kanta.

Safiyar Juma'a ka ware ta don giris a boris da ɗaure kusoshi. Kuma kada yaro ya sa hannu ya cire abin da ya maƙale sai an kashe babban makunni an kulle shi, mabuɗin yana aljihunsa.